Gyara Ko Ƙira? Iyakar Da Doka Ta Yi Wa Masu Sana'a

A ƙasar Gwandu, kamar yadda ya ke a sauran ƙasar Hausa, ba a ɗaukar kwaikwayo a kan laifi cikin sana'a. Yaron maƙeri ya kan yi shekara da shekaru a bakin zugazugi yana duban hannun ubangidansa, ran da ya ƙera lauje aka kasa rarrabe shi da na ubangidan, ran nan a ke cewa ya iya. In wani maƙeri na Kalgo ya ga wata irin galma a kasuwar Jega ta ba shi sha'awa, ya komo gida ya ƙera irinta, ba wanda zai kai ƙararsa ga Sarkin Maƙera. Haka aka gada, kuma game da lauje da galma da gatari haka abin ya ke har yanzu, babu dokar da ta hana.

Amma kayan da ke zuwa hannun masu sana'a yanzu sun wuce lauje da galma. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a Jihar Kebbi, musamman daga watan Nuwamba na 2015 sa'ad da aka buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, fadamu suka cika da injunan ban-ruwa, masu walda suna harhaɗa injin casa da na niƙa, makanikai suna sayen tsofaffin injuna su tayar da su su sayar. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoman rani da yawa a Arewa suka mai da injunansu masu aiki da iskar gas ta girki, waɗansu kuma suka koma ga hasken rana. Duk wannan abin so ne. Sai dai cikin irin waɗannan kaya akwai masu ubangida a takarda, ko da mutum ya saye su da kuɗinsa. Ran da wasiƙar lauya ta iso wa wani mai walda a Wurogauri, ba Abuja zai fara nufa ba, ƙofar hakimi zai zo, malamin hakimi ne kuma zai karanta masa ita. Saboda haka ya kamata su biyun su san abin da ke ciki tun ba ta iso ba.

TAKARDAR ƘIRƘIRA

In mutum ya ƙago wani abu sabo, ko wata sabuwar hanya ta yin abu, yana iya zuwa ga Gwamnati ya bayyana asirinsa duka a rubuce, har da zane in ana bukata. Gwamnati sai ta ba shi wata takarda wadda lauyoyi ke ce wa feten, a nan kuwa za a kira ta takardar ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin mutum ɗaya da jama'a. Shi ya tona asirinsa, kowa na iya zuwa ya karanta. Su kuma sun yarda har shekara 20 ba mai cin ribar abin sai shi, ko wanda ya ba izini. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa, kamar rijiyar bakin hanya.

Dabarar ta daɗe a duniya. Birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa dokarta tun 1474, Ingila kuwa a 1624. A Nijeriya, daga 1925, wanda ke son irin wannan takarda sai ya fara samo ta a Ingila, sa'an nan ya kawo a yi mata rajista a Ikko cikin shekara uku. Aka zauna a kan haka har bayan samun mulkin kai. Sai a 1970 aka kafa Doka ta 60, ta fara aiki ran 1 ga Disamba 1971, an kuma sa ta cikin kundin dokokin Tarayya na 2004. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari.

Ba kowane abu a ke ba takarda ba. Lalle ya kasance sabo, watau ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba ko'ina cikin duniya, ko a rubuce, ko da baki, ko ta yin aiki da shi a fili. Lalle kuma ya zama sai da tunani aka kai gare shi, ba abin da kowane gwanin sana'ar zai hango da kansa ba. Na uku, ya zama ana iya yinsa ko aiki da shi a wata sana'a, noma kuwa na cikin abin da dokar ta ƙidaya. Irin shuka da irin dabba ba su shiga ba. Sabon irin shuka yana da tasa doka dabam, ta 2021, ba kuwa ita a ke magana a kai ba a nan.

ABIN DA MAI TAKARDA KE IYA HANAWA

Sashe na 6 ya lissafta su: ƙera abin, da shigo da shi daga waje, da sayar da shi, da aiki da shi, da tara shi don sayarwa ko don aiki. A lura da wannan jeri da kyau, gama mutane da yawa suna zaton maƙerin kaɗai doka ke nema. Sashe na 25 ya ƙara da cewa wanda ya sa aka yi daidai ya ke da wanda ya yi. Watau attajirin da ya kawo samfur daga Kano ya ce wa mai walda ya yi masa hamsin irinsa, da mai waldan, da mai kantin da ya jera su, duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Dokar kuma ba ta sa sani ya zama sharaɗi ba. Mutum na iya rantsewa bai taɓa jin sunan mai takardar ba, a gaskata shi, a kuma hana shi.

An ga haka a Ikko a 1965. Wani kantin magani, Lodeka Pharmacy, ya kawo wani magani ya sayar wa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Kamfanin Rhone-Poulenc na Faransa, mai takardar maganin, da kamfanin May & Baker suka kai ƙara. Mai sayen maganin Gwamnati ce da kanta, amma duk da haka kotu ta hana Lodeka. Sai da Gwamnatin soja ta yi doka ta musamman a 1968, ta ba kanta ikon sayen irin waɗannan kaya don amfanin jama'a. Ikon nan yana cikin dokar 1970 ma, amma na Gwamnati ne, ɗan kasuwa ba shi da rabo ciki sai in Minista ya ba shi izini.

Dokar ta bar ƙofa biyu a buɗe. Ta fari, ikon mai takarda bai wuce abin da aka yi don ciniki ko sana'a ba. Wanda ya harhaɗa inji a zaurensa don kurum ya gane yadda cikinsa ke aiki, ba ruwan kowa da shi. Amma da zarar ya fara kai shi masussuka ana biyansa lada a kan kowane buhu, ya fita daga wannan ƙofa.

Ta biyu ita ce babba. In an sayar da abu bisa halal a cikin Nijeriya, watau mai takardar ne ya sayar ko wanda ya ba izini, to, ikonsa a kan wannan guda ɗaya ya ƙare, sai fa in takardar ta keɓe masa wani irin aiki na musamman da abin. Ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, ba shi da na biyu. Mai saye na iya aiki da abin, ya ba da haya, ya sayar, ya bar wa magada, ya gyara in ya lalace. Makaniken da ya sayi injin ban-ruwa wajen dillali a Birnin Kebbi, ya cire kafireton fetur ya sa na gas wanda shi ma sayensa ya yi bisa halal, ya sayar wa manomi da riba, bai taɓa haƙƙin ƙirƙira na kowa ba. In kuwa ya kwance kafireton gas ɗin ya auna, ya sa aka zuba masa ɗari irinsa, to, nan ne za a tambaya ko kafireton yana da takarda.

INDA WUYAR TA KE

Izinin da mai saye ya samu na abin da ya saya ne, wannan ɗaya tak. Bai sayi izinin ƙera wani ba. Gyara halal ne, ƙira kuwa sai da yardar mai takarda. Amma tsakaninsu babu katanga. Hakimai sun san irin wannan a rikicin gona: kowa ya san fadama, kowa ya san tudu, sai an ce a kafa dutse daidai inda ɗaya ta ƙare ɗayan ya soma, sa'an nan gardama ke tashi. Dokar 1970 ba ta faɗi inda gyara ke ƙarewa ba. A irin wannan hali kotunan Nijeriya su kan dubi hukunce-hukuncen Ingila, ko da ya ke ba tilas ne su bi su ba. Akwai shari'a biyu a can da suka cancanci a san su, domin kamarsu ɗaya a ido, amma hukuncinsu ya bambanta.

Ta fari a kan rariya ce. Kamfanin United Wire yana da takardar wata irin rariya ta ƙarfe da a ke tace taɓon haƙar man fetur da ita, raga biyu manne a kan firam, kowace da nata ƙarfin ɗauri. Ragar ta kan yage da sauri, firam ya saura lafiya lau. Wani kamfani a Sikotilan ya riƙa samo tsofaffin, ya kankare firam har ƙarfe, ya shafa sabon abin manni, ya ɗaura sabuwar raga, ya sayar. Da aka kai shi ƙara ya ce ai gyara ya ke yi, firam ɗin kuwa an riga an biya mai takarda kuɗinsa. A shekarar 2000 kotun ƙoli ta Ingila ta ƙi wannan hanzari. Ta ce abin da aka ba takarda shi ne rariyar, raga da firam a haɗe. Sa'ad da aka kankare ragar, rariya ta mutu, abin da ya rage wani ɓangare ne kurum. Wanda ya ɗaura sabuwar raga a kansa, sabuwar rariya ya ƙera.

Ta biyu a kan wani abu ne da kowa ya sani, watau farin tankin roban nan mai lita 1,000 da ke zaune cikin kejin ƙarfe, wanda a ke gani a wuraren gini da gonakin rani. Kamfanin Schütz yana riƙe da izinin wata takarda a kan irin wannan tanki. Hikimar da ke cikin takardar duk tana ga kejin ne, yadda aka lotsa sandunan kusa da inda aka yi musu walda don kada girgizar hanya ta karya su. Wani kamfani mai suna Delta ya riƙa sayen tsofaffin tankunan, ya cire robar da ta gaji, ya sa sabuwa wadda wani kamfani, Werit, ke yi, ya sayar. In aka bi shari'ar rariya ido rufe, sai a ce wannan ma ƙira ce, tun da takardar ta ambaci keji da roba a haɗe. Amma a 2013 kotun ƙoli ta ce gyara ne. Dalilanta su ne abin riƙewa. Robar aba ce mai zaman kanta, ana cire ta ana sawa ba tare da an taɓa kejin ba. Keji ɗaya ya kan ga bayan roba biyar ko shida, saboda haka mai saye ya san tun farko zai sake ta. Mafi nauyi kuma, babu ko kaɗan na hikimar mai ƙirƙira a jikin robar.

A Amurka ma an daɗe ana wannan gardama. A 1850 kotun ƙolinsu ta yarda wa mai injin feƙe katako ya riƙa sake wuƙaƙensa, waɗanda ba su wuce kwana 60 zuwa 90 su ke dakushewa, alhali injin na shekaru ne. A 1882 kuwa ta kama waɗansu mutane masu sayen tsofaffin ɗamarun ƙarfe na ɗaure dilar auduga. Ana yanke ɗamarun ne a masaƙa in za a kwance dila, a sayar da su a kan tarkacen ƙarfe. Su kuma su tattara gutsattsarin, su haɗa da ƙusa, su sayar a sake ɗaure auduga. Kotu ta ce ɗamarar ta gama aikinta ran da aka yanke ta da gangan, wanda ya tashe ta kuwa sabuwa ya yi.

To, in aka kawo wannan gida, ga yadda abin zai kasance. Makaniken Wurogauri da ke sake fistin, da zobe, da bel, da haƙoran injin casa, da bututun da ya tsage, yana cikin aminci, gama waɗannan duk abubuwa ne masu cinyewa, kowa ya san za a sake su. Wanda ke bin 'yan gwangwan yana sayen gawar inji a kan kilo, ya ɗauki gangar jikin kaɗai, ya ƙera sabon ciki, har da ainihin wurin da hikimar mai takarda ta ke, sa'an nan ya jera goma a bakin titi yana sayarwa, wannan ya kusa da masu rariya da masu ɗamara, ko da kuwa shi da bakinsa gyara ya ke kiran aikin. Alƙali ba ya duban sunan da mai sana'a ya ba aikinsa. Abin da ya ke tambaya shi ne, abin nan yana da rai aka yi masa magani, ko kuwa ya mutu aka yi wani da ƙasusuwansa.

WANDA YA ƘARA A KAN ABIN WANI

Akwai wata magana da ta bazu cikin masu sana'a, wai in ka sake abu uku a jikin kayan wani, ko ka sake kashi goma cikin ɗari, ya zama naka. Wannan ba ya cikin dokar Nijeriya, kuma ya kamata malamai su riƙa faɗa wa mutane haka a fili.

Abin da doka ke dubawa shi ne da'awa. A ƙarshen kowace takardar ƙirƙira akwai waɗansu jimloli masu lamba, inda mai takarda ya faɗi daidai abin da ya ke cewa nasa ne. Su ne duwatsun iyakar gonarsa, sauran bayani da zane na taimakawa ne kurum wajen fahimtarsu. A ce da'awar ta faɗi injin casa mai ganga, da fanka, da rariya mai girgiza, duk sanda ɗaya ke juya su. Mai waldan da ya yi inji mai waɗannan duka, sa'an nan ya ƙara masa ƙafafun taya, da mazubi babba, da fenti kore, ya shiga gonar, ƙarin da ya yi bai fid da shi ba. Wanda ya gina bene a filin wani, tsawon benen ba ya mai da filin nasa. Wanda kuwa ya sami wata hanya dabam ta raba ƙaiƙayi da tsaba, har ya zama ba ya bukatar rariyar nan ko abin da ya yi kama da ita, wannan yana iya kasancewa a waje, ko da injinsa ya yi kama da wancan a ido. Ragi na gaskiya ya kan fid da mutum, ƙari ba ya fid da shi.

Keken ɗinkin da ke kowace kasuwa shi ne babban misali. A 1846 wani Ba'amurke, Elias Howe, ya sami takarda a kan ɗinki da allura mai kafa a tsininta tare da ƙoshiya mai kai zare na biyu ta ƙasa. Kekensa bai karɓu ba. Isaac Singer ya zo ya yi wanda ya fi shi amfani nesa, allura na sauka tsaye, mai ɗinki na iya juya yadi yadda ya so, ya kuma sami tasa takarda a 1851. Duk da haka allurar da ƙoshiyar suna cikin da'awar Howe. Aka yi shari'a, a 1854 Howe ya ci, Singer ya biya shi dala 15,000, ya kuma riƙa biyan kuɗi a kan kowane keke. Singer ya yi arziki daga baya, sunansa ne ma ya saura a bakin teloli, amma sai da ya biya tukuna.

Dokar Nijeriya ta san da wannan hali. Ta yarda a ba mutum takarda a kan kyautatawar da ya yi wa ƙirƙirar wani, muddin kyautatawar sabuwa ce, da tunani a cikinta. Amma takardar tana ba shi ikon hana waɗansu ne kaɗai, ba ta ba shi ikon taka gonar na farko ba. Sai ka ga mutum biyu kowa na riƙe da rabin hanya: na farko ba shi da ikon yin sabon salon, na biyu ba shi da ikon yin tushen. Maganin wannan shi ne yarjejeniyar izini, a rubuce, da sa hannu, a kuma yi mata rajista a Abuja, in ba haka ba ba ta ɗaure kowa sai su biyun. In na farko ya ƙi, dokar ta ba kotu ikon tilasta izini in ƙirƙira ta biyu ci gaba ce mai yawa, ko tana wani aiki dabam da ta farko. Hanya ce mai tsawo da tsada, ba a shigarta da wasa.

Ga kuma wani gargaɗi ta ɗaya gefen, domin a cikin masu waldan ƙasar nan akwai masu basira ƙwarai. A Nijeriya wanda ya riga kai takardar nema shi ne mai haƙƙi a idon doka. Mutumin da ya ƙago wani abu na gaske, ya kai shi kasuwar Kalgo ran kasuwa kowa ya gani ya yaba, da hannunsa ya kashe sabuntarsa, ba zai sami takarda mai ƙarfi ba daga baya. Sai ya nema tukuna, sa'an nan ya nuna. Ofishin NOTAP na Abuja ya kan taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shirya takardun nema.

WA'ADI DA IYAKAR ƘASA

Kada bayanin nan ya sa a tsorata mutane a kan abin da ba shi da ubangida. Takardar ƙirƙira ba ta wuce shekara 20 daga ran da aka nema, kuma kowace shekara sai an biya mata kuɗi, in aka ƙi biya har wata shida suka wuce bayan lokaci, ta faɗi. Injin Lister mai sanyin tafiya, wanda ya daɗe yana juya injunan niƙa, an fara yinsa a Ingila tun wajen 1930. Takardunsa sun mutu da daɗewa, shi ya sa kamfanonin Indiya ke yin irinsa a fili ba mai ce musu kome. Yawancin dabarun da ke cikin injin niƙa da famfon ban-ruwa na yau da kullum haka su ke. Haɗarin yana ga sababbin abubuwa ne, irin na'urar sarrafa famfon hasken rana, da sababbin kayan feshi, da makamantansu.

Takarda kuma ba ta ƙetare iyakar ƙasar da ta ba da ita. Ta Amurka ko ta Sin ba ta da iko a Kalgo sai in an yi rajistarta a Nijeriya, kamfanonin waje da yawa kuwa ba su yi. Amma a yi hattara da sabon abu. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Faris a 1963, ta shiga ta neman takarda a ƙasashe da yawa gaba ɗaya a 2005, saboda haka baƙo na da wa'adi har wata 30 daga nemansa na fari kafin ya iso Abuja. Abin da aka bincika yau ba a ga takardarsa ba, mai yiwuwa tana kan hanya.

Wannan magana ta iyaka ta fi shafar Jihar Kebbi, tun da ta yi maƙwabtaka da Nijar da Binin. Ƙasashen nan biyu suna cikin ƙungiyar OAPI, mai ƙasa 17, wadda ofishinta ke Yawunde ta Kamaru, takarda ɗaya kuwa tana aiki a cikinsu duka. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka abin da ba shi da ubangida a Kamba yana iya samun ubangida da an ƙetara zuwa Gaya. Haka kuma in aka juyo. An faɗa a baya cewa ikon mai takarda na ƙarewa in an sayar da abu bisa halal a cikin Nijeriya. Kalmar nan ta ƙarshe ba a banza aka sa ta ba. Fataken da ya sayo kaya na ainihi a Dosso ko Kwatano ya shigo da su don sayarwa, ba a cikin Nijeriya aka sayar masa ba, in kuwa kayan na da takarda a nan, shigowar kanta na cikin abin da a ke iya hanawa.

Suna kuma wani abu ne dabam. Ko takardar ƙirƙira ta mutu, tambarin kamfani ba ya mutuwa muddin ana sabunta rajistarsa, yana kuwa ƙarƙashin dokar 1965. Kowa na iya yin inji irin na Lister, amma ba mai ikon rubuta Lister a jikinsa. Wanda ya sake wa injin Honda ciki, ya bar sunan ya sayar kamar sabo daga kamfani, ya jawo wa kansa rigima ta wata fuska, ƙirƙirar tambarin wani kuwa laifi ne da a ke iya kama mutum a kansa. Abin da ya fi aminci shi ne mai gyara ya faɗa wa mai saye gaskiya, ya rubuta a rasit cewa gyararre ne, ga abin da aka sake, ga wanda ya sake. Siffar abu ta waje ma ana yi mata rajista dabam, shekara biyar, a sabunta sau biyu.

IN WASIƘA TA ZO

Abu na fari da ya kamata hakimi ya sani shi ne, wannan shari'a ba ta kotun alƙali ba ce, ba kuwa ta majistare ba. Doka ta keɓe ta ga Babbar Kotun Tarayya kaɗai, akwai kuwa reshenta a Birnin Kebbi. Na biyu, dokar 1970 ba ta mai da taka haƙƙin ƙirƙira laifin da a ke tsare mutum a kansa ba. Ƙara ce ta tsakanin mutum da mutum, kamar ta bashi. In wani ya zo da 'yan sanda zai kwashe kayan mai walda a kan wannan dalili, ya kamata a nemi ganin umurnin kotu. Amma kada sauƙin nan ya ruɗi kowa. Kotu na iya hana mutum aikin gaba ɗaya, ta sa ya biya diyya, ko ta sa a lissafta ribar da ya ci ya mayar. Ga mai ƙaramin jari, hanin kaɗai ya isa ya rufe masa shago a tsakiyar kaka.

Malamin da ke karanta wasiƙar sai ya nemi lambar takardar ta Nijeriya, da ranar da aka nema, da sunan wanda aka ba. Maganar suna ba ƙarama ba ce. A Kaduna kamfanin Finetex ya yi ƙarar masaƙar Arewa Textiles da waɗansu a kan wata hanya ta yin yadi, ya ci a Babbar Kotun Tarayya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, kamar yadda ya ke a littafin shari'o'i na 2003, cikin abin da ta tsaya a kai kuwa har da cewa mai ƙarar bai tabbatar takardar tasa ce ba. Sa'an nan a nemi kofin da'awar kanta, a ajiye ta kusa da injin, a bi jimla jimla tare da wanda ya san aikin.

Akwai kuma abin da mutane kaɗan suka sani. Magatakardan Abuja ba ya bincika ko abu sabo ne kafin ya ba da takarda, yana duban cikar takardun nema ne kurum. Dokar da kanta ta ce ana ba da ita ne bisa kasadar mai nema, ba da lamunin ingancinta ba. Saboda haka hatimin Gwamnati a jikinta ba shaida ba ne cewa mai ita ne ya fara. In aka nuna wa kotu cewa ana yin abin a fili tun kafin ranar nema, ko a Kano ko a Indiya, tana iya soke takardar. Har ila yau, wanda ya riga ya ke ƙera abin a sana'arsa cikin Nijeriya da zuciya ɗaya kafin wannan rana, doka ta bar shi ya ci gaba da yi.

Duk wannan kuwa sai da shaida mai kwanan wata, abin da mai walda bai cika ajiyewa ba. Nan ne malaman hakimai za su yi amfani ƙwarai. A riƙa shawartar masu sana'a su ajiye rasit na kowane inji da suka saya, da sunan kantin, da littafi ko da na ɗan makaranta ne, inda za su rubuta ranar da suka fara yin wani salo da wanda suka sayar wa, da hoto in ya samu. Wanda wasiƙa ta riga ta iso wa, kada ya yage ta, kada kuma ya sa hannu a kan kome, ko ya aika amsa da bakin wani. Ya dakatar da sayar da abin da a ke magana a kai, ya tattara takardunsa, hakimi ya haɗa shi da lauya a Birnin Kebbi kafin kwanakin da aka ɗiba masa cikin wasiƙar su cika.